Turmi da Surukinsa

Hiyas ɗin Mirriya ta cika, saura mutum ɗaya, kuma gurbin da ya rage yana jikin Mai Nasara. Direba ya leƙo ta taga yana tambayar ina na ƙarshen. Na ƙarshen yana tsaye a rana, kansa a sunkuye, yana nazarin takalmansa kamar yau aka ba shi aronsu. Fahad ke nan, mushen lakwal, wato malamin makaranta, ɗan Barebarin Birni, mijin Raudatu 'yar Mai Nasara ta fari. Abdulmumin, ɗaya daga cikin abokan tafiyarsu, ya kira shi daga kujerar baya, ya ce ya shigo mana, lokaci na tafiya. Fahad ya amsa can ƙasa-ƙasa cewa shi iska yake so ya sha, zai biyo su a kabu-kabu. Iskar da ke kaɗawa a tashar a wannan hantsin ta isa ta gasa masara.

Sai aka ba wata mata mai kwandon zabi gurbin, mota ta tashi. Mai Nasara ya yi tafiyar da bakin zabuwa a haƙarƙarinsa. Ya san ba wanda zai ga laifin yaron. Suruki ba ya haɗa kafaɗa da uban matarsa a kujera ɗaya, ko da motar ita ce ta ƙarshe a duniya. Abin da ke damunsa daban ne. Yau ko ya koma Damagaram yana cikin ekip, wato ƙungiyar wasansu, ko ya koma daga shi sai shagonsa.

Mai Nasara baduku ne a Birni, ya haye hamsin. A da, lokacin da nasaru masu yawon ganin gari suke cika lungunan Birni da gajerun wanduna, ba ya samun sukunin cin abincin rana saboda ɗinkin jaka da kube da matashin fata. Da suka daina zuwa, shagon ya zama inuwa kawai. Inuwar ce ta jawo samarin unguwa suka kafa fada a ƙofarsa, ga shi kuma rezo, wato sabis ɗin waya, na kamawa a wurin fiye da ko'ina a layin. Su dafa shayi, su duƙufa kan salula suna wani wasan yaƙi na mutum biyar-biyar. Kowane ɓangare da gidansa da hasumiyoyinsa, kowa da jarumin da yake juyawa, a kashe dodanni a tara zinariya a sayi kayan faɗa, wanda ya rushe gidan wani shi ya ci. Mai Nasara ya yi damina guda yana musu ba'a, wai ƙarti da gemu sun zauna suna shafa gilashi. Da ɗayansu ya tafi Agadas neman aiki, shi ne ya fara cewa a miƙo ya gani.

Suka ba shi jarumin da kowa ke gudu. Sunansa a wasan wani dogon abu ne da ba mai iya faɗa, sai suka sa masa Turmi, don gajere ne, mai kauri, ba wuya. Aikin Turmi buɗe faɗa. Zai laɓe har abokan gaba su taru wuri ɗaya, ya yi tsalle ya dira a tsakiyarsu, ƙasa ta girgiza, su sandare na ɗan lokaci. A cikin wannan ɗan lokacin ne 'yan'uwansa za su zubo musu wuta. Shi kuwa ladansa duka ne ta kowane gefe, sau da yawa har ya mutu ya zauna jiran a tashe shi a gida. Don haka kayansa sanannu ne: takalmin tsalle da farko, sai sulke in masu ƙarfe ne suka yi yawa a wancan ɓangaren, ko laya in matsafa ne, daga baya garkuwar da ke rufe na kusa da shi. Ba a saya wa Turmi takobi. In wasa ya ƙare aka jera sunaye gwargwadon mutanen da kowa ya kashe, nasa ne a ƙasa.

Fahad shi ke riƙe da Maharbiya, mai kwari da baka, wadda ke tsayawa a baya ta kwashe duk wanda Turmi ya sandarar. Shi ya koya wa Mai Nasara riƙe salular tun farko, kuma kafin aure bakinsa ba ya rufuwa. Baba sayi wannan, Baba ajiye wancan, Baba jira, Baba yanzu. Mai Nasara yana gunaguni yana bi, kuma suna ci. Suka ci 'yan Zango, suka ci 'yan Garin Malam. A ƙofar shagon nan ne Fahad ya ga Raudatu tana kawo wa ubanta fura, sauran kuma aka yi shi yadda ake yi. Ran da aka ɗaura aure, gida ya samu suruki, ekip ta rasa baki. Fahad ya ɗauki kujerarsa ya koma bayan katanga, inda rezo ke zuwa yana komawa, ya zama kamar wanda aka ba ajiyar shiru.

Mai Nasara kuwa, da ya ga ba mai tsawata masa, sai ya gano ashe duk tsawon lokacin nan danne masa baiwa aka yi. Ya shiga sayen takubba. Ya ce mutum mai iyali har da suruki ba zai dawwama a ƙasan jeri kamar ɗan koyo ba. Abdulmumin, kapiten ɗin ekip, ya gwada yi masa gyara, Mai Nasara ya tuna masa cewa shi ya ɗinka layar da aka rataya masa ran sunansa. Tun daga nan ba su sake cin kowa ba.

Abdulmumin ɗan kabu-kabu ne, bai iya lanƙwasa magana ba, amma ran Juma'a ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce in Mirriya ta cinye su ran Lahadi, ya kamata Baba ya huta, shekaru sun ja, ido ma yana da hakki. Ya ce akwai wani a Zango da ya iya Turmi, gidansu da sola, kuran, wato lantarki, ba ya yankewa, ƙila ma fada ta ɗan koma can. Mai Nasara ya yi masa godiya da ya damu da idonsa haka. Ya san irin hutun. Shi da ƙadangaru da tsofaffin jakunkuna, daga hantsi har magariba.

Wasa ne da kowa zai iya yi daga ɗakinsa, amma 'yan Mirriya sun rantse cewa 'yan Damagaram na hayar wani gwani daga Kano a ɓoye, don haka sai dai a zo ido da ido. Ga ekip ɗin da ta yi watanni ba ta ci kowa ba, wannan zargi karramawa ce. Ran kasuwa ne, gari ya cika. Aka haɗu a wata rumfa bayan 'yan albasa, ta wani Abdullahi mai sharjin salula, wanda aka naɗa arbit, alƙalin wasa, don shi ke da wutar. Ya shimfiɗa tabarma biyu suna fuskantar juna, ya ce mach uku za a yi, wanda ya ci biyu ya tashi da shi, kuma dole kowace ekip ta zauna a tabarma ɗaya don kada a ce an ɓoye ɗan Kano.

Fahad ya iso da ƙura har gira. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida surukinsa kamar ba ɗazu suka rabu a tasha ba, sannan ya je ya zauna a kan ƙasa, can bayan tabarmar, ya juya musu rabin baya. Arbit ya ce doka doka ce. Fahad ya ce ƙasa ta fi sanyi. Aka yi ta ja har aka sasanta a kan cewa zai ɗora babban yatsan ƙafarsa a gefen tabarmar. Suma'ila da Yunusa, sauran mutum biyu na ekip, suka duƙar da kai don kada 'yan Mirriya su ga suna dariya. 'Yan Mirriya ba su ɓoye tasu ba.

Mach na farko bai daɗe ba. Zinariyar farko da ta shigo hannun Mai Nasara ya sayi takobi da ita, ta biyu ya ƙara masa ƙane. Turmi ya fito fili ba takalmin tsalle, yana tafe dagwas-dagwas da makamai kamar maƙeri zai kai kaya kasuwa, har 'yan Mirriya suka samu lokacin tattaunawa kan wanda zai fara dukansa. In ya ga mutum ɗaya sai ya afka, bai duba ko nasa na kusa ba. Ya mutu a hanyar tsakiya, ya mutu a bakin rafi, ya mutu a ƙarƙashin hasumiyarsu yana bin wani da ya fi shi gudu. Sau ɗaya abin ya yi kyau bisa kuskure, ya dira kan matsafin Mirriya ya bar shi da ɗan guntun rai, kibiya ɗaya ta isa. Maharbiya tana nan tsaye, baka a ɗame, ba ta saki ba. Matsafin ya farfaɗo, ya ƙone Turmi, ya tafi abinsa.

Da aka rushe gidansu Abdulmumin ya juya ya tambayi Fahad dalili. Fahad ya ce cikin raɗa ai Baba ne ya fara taɓa mutumin, na Baba ne, ba ya sa hannu a akushin babba. Abdulmumin ya dubi rufin rumfar ya daɗe yana karanto wani abu a ransa.

Kafin na biyu Mai Nasara ya yi gyaran murya, ya ce wa iska, ba wai ga wani ba, in akwai mai shawara a wurin, ƙofa a buɗe take. Fahad ya matso da bakinsa kunnen Yunusa, Yunusa ya faɗa wa Suma'ila, Suma'ila ya faɗa wa Abdulmumin, Abdulmumin ya isar. Saƙon shi ne, in Baba ya ga dama, kuma in bai zama katsalandan ba, wasu masu Turmi a wasu garuruwa an ce sukan fara da takalmi, amma Baba ya fi kowa sani. Mai Nasara ya sayi takalmin, ya kuma ɗauki ƙarshen saƙon da muhimmanci, ya bi shi da takobi.

Haka aka yi mach na biyu, magana na bin layi kamar bokitin kashe gobara. In Fahad ya ga lokacin dira ya yi, sai ya fara da neman afuwa, kafin kalmar ta ratsa mutum uku 'yan Mirriya sun watse, Turmi ya dira kan ciyawa da dukan ƙarfinsa. In kuma saƙon na a dakata ne, yakan iso lokacin da Turmi ya riga ya zama gawa. Sun ci dai, amma ba don gwaninta ba. Ana tsakiyar faɗan ƙarshe uwar maharbin Mirriya ta kira shi a salula tana tambayar ko ya sayo mata daddawa, ekran ɗinsa, wato fuskar salular, ya rufe, jaruminsa ya tsaya ƙiƙam a fili har aka gama da shi. Kapiten ɗin Mirriya ya ce kafin na uku kowa ya toshe kira, har na uwa.

Aka tashi sallar la'asar. Mai Nasara ya yi tasa a masallacin kasuwa, ya ƙi komawa rumfa nan da nan. Ya san ba za a sake samun daddawa ta cece shi ba. Ya san kuma abin da ake bukata, ba wani asiri ba ne: yaron nan ya zauna kusa da shi, ya ga ekran ɗinsa, ya daka masa tsawa a kan lokaci kamar da. Amma ba a ce wa suruki daina jin kunyata. In ka faɗa, sai ya ƙara jin kunyar, har da ta cewa ka lura.

Yana cikin wannan ne ya bi ta layin masu nono. Wani Alhaji mai babbar riga, da tsagar Barebari a kumatu, ya tsaya gaban wata Bafillatana da ba ta kai 'yarsa ba. Yarinyar ko tashi ba ta yi ba. Ta ce masa bawanta ya makara, tun safe take jiran mai ɗaukar mata ƙwarya. Alhajin ya ce ita dai ta rage ruwan rijiya a nonon, saniyar ubanta ma ta fi ta kunya. Ta ce cikinsa ya isa shaida cewa ruwan na karɓarsa. Mutane suna wucewa ba wanda ya ko waiga. Tsakanin Fillani da Barebari haka abin yake tun kaka da kakanni, yaro ya ci mutuncin dattijo, dattijo ya rama, wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. Mai Nasara ya tsaya yana kallonsu kamar mai tayin nono, sannan ya juya rumfa da sauri.

"Af, ban taɓa gaya muku ba," in ji shi yana kakkaɓe mazauninsa. "Kakata Bafillatana ce."

Yunusa ya tambayi wacce daga ciki.

"Ta wajen uwa. Daga wata ruga bayan Hamdara aka auro ta. Ku dubi hancina mana."

Suka dubi hancin. Hancin Mai Nasara ya fi kusa da na Turmi fiye da na kowane makiyayi, kuma duk Birni an san kakanninsa mata biyu 'ya'yan dukawa ne, waɗanda ba su taɓa kusantar saniya ba sai bayan an feɗe ta. Mai Nasara ya waiga baya, karo na farko tun ɗaurin aure ya dubi mijin 'yarsa kai tsaye.

"Ga Babarbare kuma ya ɗora mini yatsa a tabarma tun hantsi, bai zo ya ɗauki takalman ubangidansa ba. Kai, bawan kakata, wa ya ba ka baka? Tun ɗazu iska kake harbi."

Fahad ya raɗa wa Yunusa ya tambaya ko wannan ya halatta. Tambayar ta bi layi har ta isa wurin arbit, arbit ya ce shi sharji ya sani. Wani tsoho mai goro da ke kallo tun farko bai fahimci komai a wasan ba, sai yanzu aka zo fagensa. Ya ce wasan Fillo da Babarbare ya girmi auren kowa a wurin, in jini ya tabbata to kunya ta faɗi. Wani ya ce surukuta ba ta faɗuwa. Tsohon ya ce ta jira a waje har a gama. Kapiten ɗin Mirriya ya ce wannan ma wani salon ɗan Kano ne, arbit ya ce a dokokin da ya shimfiɗa ba inda aka hana mutum kaka.

Fahad ya daɗe yana duban ƙasa. Sannan ya miƙe, ya taka tabarmar da ƙafa biyu, ya ture Suma'ila gefe, ya zauna har gwiwarsa na gugar ta surukinsa. Ya leƙa ekran ɗin dattijon.

"To ɗan Fillo," ya ce, muryarsa na ɗan rawa, "in ka sake taɓa takobi, a kasuwar nan zan musanya ka da buhun albasa."

Mai Nasara ya yi dariyar da al'ada ta wajabta masa. Aka fara.

Rawar muryar ba ta kai ƙarshen minti na farko ba. Fahad ya sa shi ya sayi takalmin tsalle, ya hana shi fita fili kafin ya same shi. Ya ce ya dubi wancan ɓangaren da idon da Allah ya ba shi, uku masu ƙarfe ne, matsafi ɗaya, to sulke kafin laya, wannan ko maraƙi ya sani. Ya ce ya daina cinye dodannin da Maharbiya ke bukata, Turmi ba ya ƙiba da zinariya, ba kiwo aka zo ba. Ya ce in ya ga mutum ɗaya shi kaɗai a fili to tarko ne, kada ya bi shi kamar yadda danginsa ke bin saniya har Kamaru. In zai dira, kada ya dira kan ƙatonsu na gaba mai sulke irin nasa, su yi ta dukan juna kamar masu sussuka. Ya tsallake shi ya faɗa kan na baya, masu laushin jiki. Kuma kafin ya tashi sama ya waiga ya ga ko kibiya za ta kai inda zai sauka.

Mai Nasara yana bi, yana ramawa da abin da ya samu, wai Babarbare in ya ƙoshi sai ya manta wa ya saye shi. Amma ramuwar ba ta kai ba, don abin da Fahad ya tara a watannin shirun nan ba na wasa kaɗai ba ne. Tsakanin faɗa da faɗa ya sanar da jama'ar Mirriya cewa jakar da Bafillacen nan ya ɗinka masa ta zuwa lakwal hannunta ya tsinke tun makon farko, a hammata yake ɗaukarta. Ya ce shayin fadarsu ruwan wanke tukunya ne tunda tsohon ya karɓi ragamar sukari. Ya ce labarin da yake bayarwa na yadda ya kori ɓarayi daga shago, duk bayarwa sai ɓarayin sun ƙaru. Masu kallo suka cika rumfar har waje, wasu sun ɗaga salula suna ɗauka. Mai Nasara yana ta murmushi, irin na wanda ake cire wa ƙaya a gaban mutane.

Wasa ya yi nisa ba wanda ya rinjayi wani. Sai zinariya ta taru a hannun Mai Nasara, wadda ta isa babban kaya ɗaya, na ƙarshe. A shagon wasan garkuwa na gefen hagu, a dama kuwa ga wani takobi mai wuta a baki, wanda ya daɗe yana mafarkinsa. Yatsansa ya tafi dama da kansa.

"Ɗauke hannunka," in ji Fahad, ko dubansa bai yi ba.

"Kallo nake."

"Kalli garkuwa."

Ya sayi garkuwa.

'Yan Mirriya suka taru a bakin rafi za su kashe babban dodo, wanda duk ɓangaren da ya kashe shi ke samun ƙarfin rushe gida. Turmi ya shiga ciyawa ya laɓe. Yana ganinsu su biyu, ya ce zai shiga, Fahad ya ce jira. Suka zama uku, Fahad ya ce jira, Maharbiya ba ta iso ba. Dodon ya kusa faɗuwa, Abdulmumin ya fara ambaton Allah a bayyane, gumi na ɗiga daga haɓar Mai Nasara kan gilashi. Matsafin da maharbinsu suka matso don su samu rabo, su biyar suka dunƙule kamar masu cin tuwo.

"Yanzu, Baba."

Ba wanda ya lura da sunan da ya kira shi. Turmi ya tashi sama, ya tsallake ƙaton gaba, ya dira a tsakiyar akushin. Duka biyar suka sandare. Ya buɗe garkuwa, ya tsaya tsakaninsu da Maharbiya, suka farfaɗo suka huce a kansa da duk abin da suka saya tun farkon wasa. Sulken ya riƙe, ya riƙe, sannan ya bari. Ekran ɗin Mai Nasara ya koma toka-toka. Daga cikin tokar ya zauna yana kallon kibau na sauka ɗaya bayan ɗaya, ba neman izini, ba akushin babba, har bakin rafin ya zama ba kowa sai Maharbiya da dodo. Kafin a tashe shi a gida an rushe na Mirriya.

Aka jera sunaye. Fahad a sama, jama'a na ta miƙo masa hannu. Mai Nasara a ƙasa, bai kashe ko mutum ɗaya ba, kuma ba wanda ya kai shi mutuwa. Tsoho mai goro ya leƙa, aka yi masa bayani, ya ce wa Mai Nasara kada ya damu, kowa da inda Allah ya tsaga masa, wataƙila ya fi iya kiwo.

Abdulmumin ya tsuguna kusa da shi yana naɗe wayar sharji. Ya ce maganar Zango a bar ta, dama sola ɗin nan an ce batirinta ya fara rauni, kuma idon Baba ga alama da sauransa. Sannan ya ƙara da cewa, muddin dai kaka na nan.

Kafin Mai Nasara ya amsa masa, salularsa da ya cire wa toshiyar kira ta yi ƙara. Yaya Zuliha ce, babbar yayarsa, wadda ta haddace asalin gidansu har zuwa wanda ya fara jeme fata a Birni, kuma ba ta taɓa barin kuskure ya kwana ba. Bidiyon ya riga hiyas isa Damagaram. Ko sallama ba ta tsaya amsawa ba, muryarta na fita har na kusa na ji. Ta ce jikokinta sun nuna mata shi yana rarraba wa 'yan kasuwa asali, tana so ta ji wace kakar ce Bafillatana, don ita ta yi wa kakarsu ta wajen uwa, Iya Ramlatu, kitso har ta koma ga Allah, ba ta taɓa jin ta ce ko sannu da Fillanci ba. Ta ce ya faɗa yanzu a gaban mutanen cewa wasa yake, kafin dangi su fara kiranta.

Mai Nasara ya ɗaga ido. Abdulmumin ya daina naɗe waya. Fahad yana bakin rumfa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, kansa ya fara komawa ƙasa.

"Ba Iya ba, Yaya," in ji Mai Nasara. "Wata ce, kafin ita. Ke kina ƙarama lokacin."

"Ni na goye ka, Mai Nasara."

"To kin manta ne. Pendo sunanta."

Mai Nasara ya gyara zama a kan tabarma, ya canja salular zuwa ɗaya kunnen, ya fara ƙaga wa Pendo garken shanu.